Wasiyya a Adaka, Ciniki a Kasuwa: Wanne Za a Bi Ranar Rabon Gado?

A jihar Kebbi, in ka ware malamai da wasu 'yan boko ƙalilan, yawancin waɗanda suka taɓa rubuta wasiyya dare guda ne ya sa su: daren da za a kai su sansanin alhazai. Gida ya cika da 'yan sallama, ana ta yafe wa juna, jaka tana bakin ƙofa. Sai maniyyaci ya kira ɗansa mai kyan hannu ko limamin unguwa, a yago falle biyu daga tsakiyar littafin makaranta, a jera waɗanda yake bi da waɗanda ke binsa, a ce gonar bakin gulbi ta masallaci ce, karsana kaza ta jikansa maraya ce. A ninke, a jefa ƙasan adaka. Jirgi ya tashi daga filin jirgin sama na Ambursa, Allah ya nufa a dawo lafiya, a raba dabino da zamzam. Takarda kuwa ba mai sake waiwayarta. Alhaji ya ƙara shekara 15 ko 20 a duniya, a cikinsu ya saya ya sayar, ya ƙara aure, ya haifi wasu 'ya'yan, ya jinginar da gona, ya ci bashin banki, ya dangwala yatsa a fom ɗin da shi kansa bai san adadinsu ba. Bayan sadakar bakwai sai a zaro wancan fallen da ya riga ya yi ja, a ce ga wasiyyar marigayi. Daidai yake da a auna yaro yana ɗan shekara 7, a kawo masa rigar ranar angwancinsa.

Rigingimun gadon da nake gani a garuruwanmu ba jahiltar lissafin rabo ke kawo su ba. Babu garin da za ka rasa malamin da zai fitar maka da tumunin mata (kashi 1 bisa 8) da sudusin uwa (1 bisa 6) ko daga barci ka tashe shi. Inda ake karo shi ne tambayar da ke gaban rabo: mene ne na mamaci a ranar da ya cika, mene ne ya riga ya bar hannunsa, kuma cikin takardun da ya bari wacce ce ta shafe wacce? Mun saba mu ɗora wa magada laifi, mu ce son abin duniya ya raba 'yan ɗaki ɗaya. Akwai wannan, ban musa ba. Amma sau da yawa kowannensu gaskiyarsa yake faɗi, domin kowanne yana riƙe da wata takarda ko wata magana da ta fito daga uban nan guda, sai dai takardun suna ƙaryata juna. Mamaci ba a ambatonsa sai da alheri, don haka da masu rai nake: wanda ya bar wa iyalinsa takardu masu faɗa da juna, shi ya haɗa rigimar, ko da bai yi nufi ba.

Hadisin da kowane ɗalibi ya haddace a wannan babi shi kansa yana nuna yadda rayuwa ke wuce lissafin mai wasiyya. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Ban-kwana har ya fidda rai, ya ce wa Manzon Allah (SAW) yana da dukiya, kuma ba mai gadonsa sai 'ya guda, ko zai ba da kashi 2 bisa 3? Aka ce a'a. Rabi fa? A'a. Aka tsaya a sulusi, aka ce sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Sa'ad ya tashi daga wannan ciwo, ya ƙara sama da shekara 40, ya haifi 'ya'ya da yawa maza da mata. Ɗansa Amir, wanda ba a ma haife shi ba a ranar, yana cikin waɗanda suka ruwaito mana hadisin. Da an bar shi ya zartar da abin da ya so a kan gadon jinya, da waɗannan 'ya'yan ne za su ji a jikinsu.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ne a gaban alƙalanmu daga Birnin Kebbi har Gusau, ba su bar batun nan a duhu ba. Risala, littafin fiƙihun da ake bi a kowane zaure, ta faɗa a taƙaice cewa mutum yana da ikon janye wasiyyarsa. Muhtasar na Shehu Halil, da aka wallafa a Masar a ƙarni na 14, shi ya bi abin daki-daki, kuma wanda ya karanta babin zai yi zaton da mu ake. Ɗauki wasiyyar matafiyi. In mutum ya ce "in na mutu a wannan tafiya" ko "a wannan ciwo, a ba wane kaza", sai ya dawo ko ya warke, wasiyyar ta faɗi, ko da a rubuce take, muddin takardar tana hannunsa ko ya karɓo ta daga wurin wanda ya ba ajiya. In kuwa ya damƙa ta ga wani bai karɓo ba, tana nan da ranta. In lafazinsa "duk ranar da mutuwa ta zo mini" ne, nan ma tana nan. Wato makomar gonar masallaci tana iya rataya a kan kalma uku da yaro ya rubuta cikin hayaniyar 'yan sallama, da kuma ko Alhaji ya tuna ya karɓo takardarsa daga wurin liman.

Akwai wanda ya fi wannan ba mutane mamaki. Ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaidu a kai ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, ba a zartarwa. Hujjar malamai a bayyane take: mutum yakan rubuta abu yana shawara da zuciyarsa, gobe ya fasa. Don haka fallen da aka tsinto a adaka, ba shaida ba umarni, alƙali yana iya duba shi ya ajiye gefe.

Sai janyewa ta hanyar aiki, ba da baki ba. Wanda ya yi wasiyya da abu sannan ya sayar da shi, ya janye ke nan. Haka in ya yanka tunkiyar, ko ya saƙa zaren, ko ya ƙera azurfar, ko ya kai yadin aka yanka masa riga, ko ya girbe shukar ya casa. Duk aikin da ya fitar da abin daga mulkinsa, ko ya sauya masa kama har sunansa ya canza, ya cinye wasiyyar. Amma jingina ba janyewa ba ce, sai dai a fara biyan bashin daga dukiyar mamaci. Shafe gida ko rina tufa ma ba janyewa ba ne, wanda aka yi wa wasiyya ya tafi da abinsa har da gyaran. Wanda ya fi shafarmu a yau shi ne hukuncin fili. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha a 1991, wuraren da ake noma gero a da sun koma unguwanni, kowa ya san yadda Gesse da Badariya da Bayan Kara suka cika. Mutum ya yi wa ɗan ƙanwarsa wasiyya da fuloti lokacin da ba komai a kai sai tumfafiya, daga baya ya gina shaguna a wurin yana karɓar haya. Ɗan ƙanwa zai ce nasa ne har da shagunan, 'ya'ya za su ce ginin ya shafe wasiyya. Muhtasar bai ba kowannensu abin da yake so ba: tarayya za su yi, shi da ƙimar fili, magada da ƙimar gini. Ka tambayi kanka ko abin da mai dukiyar ya nufa ke nan, ya haɗa ɗan ƙanwarsa da 'ya'yansa a shago ɗaya su yi ta hararar juna. Layi biyu da zai ƙara ranar da aka aza harsashi sun isa su raba gardamar.

Haka kuma mutane suna ɗauka takardar baya tana kashe ta farko kai tsaye. A mazhabarmu in ka yi wa wani wasiyya da abu, daga baya ka yi wa wani da abin nan dai, ba ka ce ka janye ta farko ba, raba musu za a yi. Wannan ya sa nake ganin wanda ba wani abu takamaimai yake son ya kai hannun wani ba, gara ya yi wasiyya da kaso: sulusin dukiyata, ko rabin sulusi. Irin wannan ko ya sayar da duk abin da ya mallaka ya sayi wani, wasiyyar ba ta motsawa, domin a kan abin da ya bari za a yi lissafi.

Ba dukiya kaɗai ke sauyawa ba, mutanen ma matsayinsu na sauyawa. Babu wasiyya ga magaji, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ranar mutuwa ake dubawa, ba ranar rubutu ba. Mutumin da ba shi da ɗa namiji ya yi wa ƙanensa wasiyya, a lokacin ƙanen magaji ne. Allah ya ba shi ɗa daga baya, ɗan ya tare ƙanen daga gado, sai wasiyyar ta inganta. A juya ta ɗaya gefen: ya yi wa wata bazawara mai marayu wasiyya da ɗaki don tausayi, bayan shekara biyu tausayin ya kai ga aure. Ta zama magajiya, wasiyyar ta faɗi, sai in sauran magada sun yarda, kuma yardar tasu kyauta ce daga gare su, ba tilas. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ma haka: muddin akwai baffanni da rai ba ya gado, wasiyya ce hanyar da kakan zai share masa hawaye. Masar ta mayar da wannan dole a dokarta ta 1946. Mu a nan an bar wa kaka ne, in ya manta shi ke nan.

Duk wannan a cikin wasiyyar kanta ne. Babbar matsalar zamaninmu takardun da ke wajenta ne.

Na taɓa zama a rabon gadon wani ɗan kasuwar hatsi a Jega. Wasiyyarsa tsaf take, da shaidu da kwanan wata, sai dai a wurin bashi layi ɗaya ya rubuta: duk wanda nake bi da wanda ke bina suna cikin littafin shago. Aka aika aka ɗauko littafin, mai baƙin bango, gefensa ya sha maiƙon hannu. Shafukan farko ajamin marigayi ne da tawada. Can tsakiya bokon yaron shago ya karɓa. Wajen ƙarshe kuma shuɗin biro ne na babban ɗa. An ja layi a kan wasu basussukan ba kwanan wata, ba a san ko biya aka yi ko yafewa ba. A gaban wani babban bashi an rubuta "an biya" da biron da bai yi kama da na sauran shafin ba. Littafin kuwa a shago ya zauna har bayan sadakar arba'in, makulli a aljihun mutum ɗaya daga cikin magada. Malamin da ke rabo ya juya shafin gaba ya juya baya, ya cire tabarau, ya ce, "To, 'ya'yana, wannan littafi bai san ranar da mahaifinku ya rasu ba." Ba wanda ya kira wani ɓarawo a zauren. Amma tun daga ranar ɗakunan biyu gaisuwarsu ta koma daga nesa.

Shari'a ba ta hana jingina wasiyya ga wani abu na waje ba. Halil ya kawo cewa in mutum ya ce "na rubuta wasiyyata tana wurin wane, ku gaskata shi", za a gaskata wanen, sai fa in ya ce ai ɗansa aka yi wa wasiyyar, domin nan tuhuma ta shigo. Dokar Ingila ita ma ta yarda wasiyya ta jawo wata takarda cikinta, amma da sharaɗin takardar ta riga ta wanzu ranar da aka sa hannu, kuma an siffanta ta yadda ba za a ruɗe ta da wata ba. Duka biyun abu ɗaya suke gudu: kada alƙalami ya ci gaba da tafiya bayan mai shi ya tsaya. Littafin shago, da littafin adashe, da saƙon muryar da aka tura wa ɗa ɗaya a WhatsApp, duk ƙofofi ne da aka bari a buɗe. Ɗan kasuwa ba zai iya kwafe basussukansa cikin wasiyya kullum ba, gaskiya ne. Amma zai iya rufe lissafi sau ɗaya a shekara, ya ja layi, ya sa hannu da kwanan wata, mutum biyu da ba magada ba su sa nasu.

Sai takardar fili da gona. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama abin da kowa ke kallo. Iyaye kuwa suna sa sunan 'ya'ya a takardu saboda dalilai barkatai: don a samu fuloti fiye da ɗaya a rabon gwamnati, don gudun idon jama'a, ko don kawai ɗan ne ke birni, shi ya bi layi a ofis. Da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki ya zo, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, fadamun Argungu da Augie da Suru suka ƙara daraja, kuma dattawa da yawa sunan 'ya'yansu masu asusun banki aka rubuta a kan gonakinsu. Ranar rabo sai ɗan ya fito da takarda ya ce Baba ya ba shi tun yana raye. Na ji wani ƙane ya ba yayansa amsar da ta kashe bakin kowa: "Yaya, in takardar nan ce ta ba ka gonar, ai ita ce ta ci bashin. Ka ɗauke su tare." Domin yayan ya so gona ta zama tasa, bashin taki da iri kuma a cire daga dukiyar kowa.

Suna a takarda hujja ce, amma ba ita ce kyauta ba. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ya mutu kafin haka, abin ya koma gado. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha wasaƙi 20 (wani babban ma'auni ne) na dabino daga gonarsa ta Gaba, da ajali ya matso ba ta riga ta girbe ba, ya ce mata da kin yanka kin adana da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce. In Nana A'isha ba ta tsira da kyautar da ba ta karɓa ba, ban ga yadda za a yi wani ya tsira da gonar da ubansa ke kwasar shinkafarta zuwa rumbunsa har damanar ƙarshe ba. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi, in ba gidan da yake ciki ba ne ko tufar da yake sawa. Baligi kuwa sai ya karɓa da kansa. Wanda ke son ya ba da kyauta da gaske, ya sakar wa mai ita, ya kafa shaidu, ya kuma tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Wanda kuma aron suna kawai ya yi, ya rubuta cewa aro ne, ɗan ya sa hannu tun ana dariya.

Ma'aikata nasu tarkon daban. Saurayi ya kama aiki, aka miƙa masa fom, a gurbin makusancin da za a nema in wani abu ya faru ya rubuta sunan yayansa, don a lokacin ba mata ba ɗa. Shekara 25 ta wuce, mata biyu, 'ya'ya 11, fom bai canza ba. Da ya rasu yayan ya ɗauka shi aka bar wa kuɗin. Ba haka ba ne, wannan gurbi ba ya mayar da kowa magaji, kuma banki ba ya sakin kuɗi mai kauri sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Dokar fansho ta 2014, a sashe na 8, ta ce kuɗin asusun fanshon mamaci ana sakinsu ne bisa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko waccan takardar izini. Amma sashen nan dai ya ce kuɗin inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar ta ce kada ta gaza ninki 3 na albashin shekara, kamfanin inshora zai biya wanda aka rubuta sunansa ne. Ka ga a nan tsohon fom yana iya kai miliyoyi hannun wanda marayu za su yi ta bin ƙofarsa suna jiran ya ji tsoron Allah. Wasu suna ji. Ba dalilin da zai sa a jarraba imanin mutum da abin da zuwa ofis sau ɗaya zai gyara.

Waɗanda suka fi cutuwa a duk wannan, a ganina, mata ne. A gidajenmu dukiyar mace tana narkewa cikin ta miji ba tare da ko rabin falle ba. Ta sayar da shanun da ta gada a gidansu an cika kuɗin kujerar Makka. Ta ba da sarƙarta an yi rufin kwano. Kuɗin surfenta da na adashenta sun shiga jarin albasa a Aliero. Wa zai ce wa mijinsa ya rubuta? Kunya ba za ta bari ba, in ma ta faɗa a ce ba ta yarda da shi ba. Shi kuma yana sane, yana cewa zai biya, har ciwo ya kwantar da shi. A nan ne zai tara 'ya'ya ya ce, "Hajiya tana bina kuɗin shanu biyu, ku biya ta." Ya makara. Risala ta ce iƙirarin majinyaci cewa magajinsa yana binsa bashi ba ya wucewa, saboda tuhumar yana son fifita wani ne a ɓoye. 'Ya'yan ɗaya ɗakin suna da damar su ƙi, kuma sau da yawa suna ƙi. Sai baiwar Allah ta fita takaba da kasonta na tumuni, in su biyu ne kashi 1 bisa 16, in su huɗu ne 1 bisa 32, shanunta kuma an raba su a matsayin dukiyar miji. Bashi yana gaban wasiyya, yana gaban gado, Alƙur'ani ya maimaita hakan a ayoyin rabo na Suratun Nisa'i, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa kan rubuta bashi ta sauka. Ba a ce ban da tsakanin miji da mata ba. Namijin da ke son matarsa ya rubuta mata abin da take binsa yau da yake tafiya da ƙafafunsa, a gaban shaidu.

Masu dabarar ƙarshen lokaci kuma su sani malamai sun riga su. Wanda ya saki matarsa a ciwon ajali don ya hana ta gado, tana gadonsa ko ta gama idda, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya hukunta wa matar Abdurrahman ɗan Aufu. Kyautar da aka yi a irin wannan ciwo kuma hukuncin wasiyya take ɗauka: daga sulusi, kuma ba ga magaji ba.

Wasu masu hali suna ganin mafita ita ce a je wurin lauya ya buga da na'ura ya sa hatimi. Lauya yana da amfani, musamman ga mai kadarori a Abuja ko Legas, amma a tabbatar ya san da wa yake aiki, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta ce Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837 yana iya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka sa a dokokinsu cewa wasiyyar Musulmi tana ƙarƙashin shari'arsa. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan wasiyya da kyauta da waƙafi da gadon Musulmi. Takardar da ta tsallake sulusi ko ta fifita magaji, komai kyan hatiminta, shari'a ce ka saya wa iyalinka. 'Yan'uwanmu Kiristoci na ƙasar Zuru da Yawuri su ma akwai abin lura: a waccan dokar ta 1837, aure yana rushe wasiyyar da aka rubuta kafinsa.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce yawan taɓa wasiyya kiran mutuwa ne. Waɗanda suka shiga jirgin ruwan da ya nutse a Warra a 2021 ba su kira ta ba, neman abinci suka fita. Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamaci Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Wanda aka ƙi wa kwana biyu, ban ga hujjarsa ta barin shekara 20 ba. Uzurin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na sirri. Mai mata uku in aka ji abin da ya rubuta, gidan ba zai kwana lafiya ba, kuma in ya kira mutanen unguwa shaida, kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ke sa dattawa ɓoye takarda inda ba mai gani, har ta rasa shaidun da za su rayar da ita.

Maganinsa a hannun hukuma yake, kuma ba abu ne mai tsada ba. Manyan kotunan shari'a na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru za su iya buɗe rajistar ajiyar wasiyya: mutum ya zo da ambulan a rufe, shaidunsa su sa hannu a baya, rajistara ya buga kwanan wata ya ba shi lamba. In ya zo da sabuwa a mayar masa da tsohuwa, a rubuta an mayar. Ba mai buɗewa sai an kawo shaidar rasuwa. Kuɗin ajiyar kada ya wuce abin da ƙaramin manomi zai biya ba tare da ya sayar da akuya ba, in ba haka ba ta zama ta masu kuɗi kaɗai. Hukumar alhazai ta sa wannan babi a cikin bita, limamai kuma su riƙa tunatarwa a lokacin da ya fi dacewa, wato bayan kaka, sa'ad da manomi ke auna buhunansa don fidda zakka, ɗan kasuwa kuma ranar da shekarar zakkarsa ta zagayo. Wanda ya zauna ya ƙirga abin da ya mallaka ya riga ya yi rabin aikin. Saura ya duba: me na sayar, me na gina, wa na aura, wa aka haifa, wa ya rasu, sunan wa ke kan wace takarda?

Kafin hukuma ta motsa, mai sabunta wasiyya ya fara da cewa ya janye duk wadda ta gabata, ya faɗi a fili cewa a zartar da wannan duk ranar da ya mutu, ya ambaci takardun filaye da asusun da ke ɗauke da sunan wani ya bayyana na wane ne a haƙiƙa. Aya ta 106 a Suratul Ma'ida adalai biyu ta nema, ba ta ce sai tsofaffi ba. Dattawanmu sun fi son kafa abokan hirarsu na ƙofar masallaci, sa'o'insu, waɗanda sau da yawa ke riga su tafiya ko mantuwa ta kama su kafin a buƙace su. A haɗa da mutum biyu masu amana da ba su wuce shekara 40 ba, waɗanda ba su da ko sisi a cikin gadon, kuma duk ranar da ɗayansu ya rasu ko ya bar gari a nemi wani ya sa hannu a madadinsa.